Na'urar leƙa maƙogwaro: Zaɓin da bai kamata asibitocin Kano su bar wa ɗan kwangila ba

Duk wanda ya tsaya a bakin Tashar Jirgin Ƙasa ta Kano yana tsakiyar ɗaya daga cikin wuraren da suka fi cunkoso a Arewa. Ga Kantin Kwari, ga Kasuwar Singa, ga ta Sabon Gari, ga 'yan Adaidaita Sahu da masu dako suna ta kai-komo tun daga asuba. Inda jama'a suka taru haka, tsautsayi ba ya nisa. A watan Mayun 2022 an samu fashewa a titin Aba da ke Sabon Gari, a watan Agustan shekarar kuma bene ya rufta a titin Beirut. Ban da irin waɗannan, akwai na yau da kullum da ba sa shiga labarai: mai babur da ya bugu a kai, mai juna-biyu da jijjiga ta kama, dattijon da shanyewar ɓarin jiki ta kayar a shago, yaron da mashaƙo ya shaƙe wa wuya aka garzaya da shi Asibitin Zana.

Wasu daga cikinsu kan isa asibiti numfashi na neman ɗaukewa. A nan ne ake zura wa mutum bututun roba ta baki har cikin hanyar iska, a haɗa shi da na'urar taimaka wa numfashi.

Idan an dace, aikin ba ya wuce minti ɗaya zuwa biyu, amma yana cikin mafi haɗarin abubuwan da ake yi wa mai jinya. Wani bincike mai suna INTUBE da mujallar JAMA ta wallafa a 2021 ya bi diddigin marasa lafiya 2,964 a ƙasashe 29, waɗanda aka zura wa bututu suna cikin mawuyacin hali. Kashi 45 cikin 100 sun gamu da babbar matsala: mafi yawansu bugun jininsu ne ya faɗi warwas, kusan ɗaya cikin goma iskar oksijin ta yi ƙasa matuƙa a jikinsa, uku cikin ɗari kuma zuciyarsu ta tsaya. Shi ya sa burin duk mai wannan aiki shi ne bututun ya shiga a karon farko. Duk sake gwadawa na jawo ƙarin kumburi da jini, ƙwaƙwalwa kuma na zaune ba iska.

Abin da ake buɗe hanya da shi shi ne laringoskof, wato na'urar leƙa maƙogwaro. Mariƙi ne mai batir, haɗe da wani lanƙwasasshen ƙarfe mai fitila a bakinsa, wanda ake kawar da harshe da shi a ɗaga har likita ya hango ƙofar hanyar iska. Turawa na kiran wannan ƙarfe ruwan wuƙa, alhali ba ya yanka komai; ya fi kama da cokali. Cokalin da ya fi yaɗuwa a duniya shi ne wanda Robert Macintosh, farfesan fannin sa barci a Jami'ar Oxford, ya fito da shi a 1943. Shi ne ke ɗakunan tiyatar Kano, da shi kuma likitoci da ma'aikatan jinya masu sa barci suka koyi aiki.

A 2001 wani likitan tiyata a Kanada, John Pacey, ya fito da GlideScope, wadda aka dasa wa 'yar kyamara kusa da bakin cokalin, hoton ya riƙa fitowa a allo. Tunda kyamara na iya leƙa kwana, sai ya tanƙwara cokalin sosai, kusan digiri 60, ya bi bayan harshe ba tare da an ɗaga shi da ƙarfi ba. Wasu samfuran, irin su C-MAC ta kamfanin Karl Storz na Jamus da McGrath MAC, sun riƙe siffar Macintosh suka ƙara mata kyamara kawai. A yau manyan kamfanonin duk suna sayar da siffofin biyu: mai lanƙwasar da aka saba, da mai lanƙwasa kamar lauje.

Korona ta ƙara wa waɗannan na'urori kasuwa, saboda likita ba sai ya kai fuskarsa kusa da bakin majinyaci ba. Samfuran China masu rahusa sun biyo baya. Ko ba daɗe ko ba jima, asibitocin gwamnati da na kuɗi a Kano za su saye su da yawa. Tambayar da ta rage ita ce wace siffa za a saya, kuma wa zai yanke hukuncin. Amsar da ta fi dacewa da Kano ita ce: cokali mai siffar Macintosh ya zama na aikin kullum a sashen gobe-da-nisa da na ba da agajin gaggawa, mai siffar lauje kuma a ajiye shi kusa domin ranar da na farko ya kasa.

Abin da bincike ya nuna

Ba tun farko kyamarar ta samu karɓuwa a sashen gobe-da-nisa ba. Gwajin MACMAN da aka yi wa marasa lafiya 371 a Faransa, wanda aka wallafa a 2017, bai ga wata riba ba: likitoci sun fi ganin ƙofar da kyau, amma bututun bai fi shiga a karon farko ba. Sai a 2023 gwajin DEVICE, a sassan asibiti 17 na Amurka, ya sauya lissafi. Cikin marasa lafiya sama da 1,400, an dace a karon farko da kashi 85 na waɗanda aka yi wa aiki da kyamara, sai kashi 71 na waɗanda aka leƙa da ido.

Abubuwa biyu a cikin wannan gwaji sun fi shafar Kano. Na farko, mafi yawan waɗanda suka riƙe na'urar likitoci ne masu neman ƙwarewa, kuma waɗanda hannunsu bai faɗa ba su ne suka fi cin moriyar kyamarar. Na biyu, kusan kashi 86 na cokulan kyamarar da aka yi amfani da su masu siffar Macintosh ne. Wato nasarar da 'yan kasuwa ke tallata kowace irin na'ura da ita, akasari da siffa ɗaya aka same ta.

A nan ya kamata a tambayi wane ne ke tsaye a kan majinyaci da ƙarfe biyun dare. Ƙungiyar likitocin sa barci ta duniya ta ba da shawarar a samu aƙalla likita biyar na wannan fanni ga kowane mutum 100,000. Najeriya ba ta kai ɗaya ba, kuma 'yan kaɗan ɗin da ake da su na ta ficewa zuwa Saudiyya da Birtaniya. A jihar da ta fi kowace yawan jama'a a ƙidayar 2006, wanda ke bakin aiki a irin wannan lokaci sau da yawa ƙaramin likita ne ko ma'aikaciyar jinya mai sa barci, babban likita kuwa sai an buga masa waya ya taso daga gida. Abin da hannun waɗannan ya sani shi ne Macintosh. Idan aka miƙa musu irinsa mai kyamara, riƙon ɗaya ne, shigarwar ɗaya ce, ɗagawar ɗaya ce. Ido kawai aka ƙara musu.

Mai siffar lauje sana'a ce ta daban. Yana nuna ƙofar hanyar iska ƙarara, har a maƙogwaron da ido ba zai taɓa hangowa ba, sai dai hangen Dala ba shiga birni ba ne. Tunda kyamarar ta leƙa kwana, dole shi ma bututun ya sha wannan kwanar, kuma ba zai sha ba sai an zura masa wata siririyar sanda mai tauri da aka tanƙwara daidai da cokalin. Idan bakin bututun ya isa ƙofa, sai a riƙa janye sandar a hankali ana tura shi, in ba haka ba ya tokari bangon hanyar iska ya tsaya. Akwai ma wani abu da ke rikita sabon hannu: mafi kyawun hoto a allo shi ne mafi wahalar shigar da bututu, domin alama ce cokalin ya nutsa da yawa, sai an ɗan ja shi baya. Wanda bai san wannan ba zai tsaya yana kallon ƙofa a buɗe, lambar oksijin na sauka, bututu ya ƙi wucewa. Haka kuma wanda ya ƙura wa allo ido yana tura sanda mai tauri cikin baki ba tare da ya duba ba kan iya huda ganda ko gefen maƙogwaro, kuma an sha rubuta irin wannan rauni a mujallun likitoci.

Sai batun ƙazanta, wanda ba a son faɗa amma shi ne gaskiyar aikin. Wanda za a yi wa tiyatar da aka tsara yakan kwana bai ci ba. Wanda aka kwaso daga titi kuwa cikinsa cike yake da tuwo ko shinkafa, bakinsa da jini ko amai ko majina. Ɗigo ɗaya a fuskar kyamara ya isa ya mayar da allo fari fat. Mai riƙe da siffar Macintosh a wannan hali sai ya ɗauke kai daga allo, ya tsotse abin da ya taru, ya leƙa da idonsa kamar yadda aka koya masa, ba tare da ya zare na'urar ba. Haka zai yi idan allon ya mutu. Mai riƙe da siffar lauje ba shi da wannan mafita, domin ido ba ya shan kwana. Sai ya fitar, ya nemi wata na'ura, ya sake daga farko.

Ga kuma koyarwa. A tsohon tsari malami ba ya ganin abin da ɗalibi ke gani, sai dai ya tsaya a bayansa yana tambayar “me ka hango?” Da cokalin Macintosh mai kyamara, ɗalibi na leƙawa da ido, malami na kallon allo yana gyara masa hannu. Wanda ya koya haka a Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, idan aka tura shi Rano ko Gaya ko Bichi ya tarar da tsohon cokali kawai, zai iya aiki. Wanda aka yaye a kan siffar lauje kaɗai, ranar da ya rasa ta ya zama baƙo a sana'arsa.

Hujjar ɗaya ɓangaren

Masu goyon bayan siffar lauje ba su rasa abin faɗa ba. A 2024 wani gwaji a asibitin Cleveland Clinic na Amurka, kan ayyukan tiyata sama da 8,000, ya nuna cewa da irin wannan cokali ƙasa da kashi 2 ne suka buƙaci a sake gwadawa, alhali da leƙen ido abin ya haura kashi 7. A shekarar kuma likitoci a Hamburg ta Jamus sun gwada siffofin biyu kai-tsaye a kan masu tiyatar kai da wuya da aka san maƙogwaronsu zai yi wuya, siffar lauje ta yi nasara. Amma duka biyun a ɗakin tiyata aka yi su, a kan mutanen da aka shirya, a hannun masu yin aikin kullum.

Darasin shi ne kowanne da ranarsa, kuma Kano na da masu buƙatar siffar lauje: wanda hatsarin mota ya sa aka ɗaure wa wuya ba a son a motsa shi, mai babban maƙoƙo, mai ƙari a muƙamuƙi, wanda tabon ƙuna ya janye wa haɓa zuwa ƙirji, mai ƙiba da gajeren wuya. Sashen da ba shi da ko ɗaya ya gaza wa waɗannan. Amma a saye shi tare da sandarsa, a kuma horar da mutane a kan gunkin roba kafin su taɓa ɗan Adam. Wanda ya kawo cokalin lauje babu sanda tamkar ya kawo kwado ne ya bar makulli.

Yara ma suna da nasu lissafin. Annobar mashaƙo da ta ɓulla a ƙarshen 2022, wadda Kano ta fi kowace jiha jin jiki a cikinta, ta tuna wa kowa cewa toshewar maƙogwaro ba ta manya ba ce kaɗai. Na'urar da ta zo da lamba 3 da 4 kawai, wato girman manya, ba ta da abin da za ta yi wa ɗan shekara uku. Jarirai kuwa an fi yi musu aiki da miƙaƙƙen cokali irin wanda Robert Miller ya fito da shi a 1941.

Darasin layin dogo

Tashar jirgin kanta na da abin da za ta koya wa masu sayen kayan asibiti. Layin da ya iso Kano a 1911 faɗinsa milimita 1,067 ne. Daga ranar da aka zaɓi wannan awo, duk tarago da kan jirgin da aka saya sama da shekara ɗari dole ya bi shi. Sabbin layukan Kaduna zuwa Kano da Kano zuwa Maraɗi milimita 1,435 ne, kuma jirgin wancan ba ya hawa wannan.

Haka waɗannan na'urori suke. Cokalin wani kamfani ba ya shiga mariƙin wani. Wanda ya sayi mariƙi da allo ya ɗaura wa asibiti aure da kamfanin na tsawon shekaru. Samfura da dama cokalinsu na roba ne da ake amfani da shi sau ɗaya a yar, kuma da dala ake shigo da shi, ga yadda darajar Naira ta faɗi tun tsakiyar 2023. Wasu batirinsu na musamman ne, ba a cajinsa, ba kuma za a same shi a shagunan titin Beirut ba duk da tarin batiran da ke can. Abin da ke biyo baya sananne ne a ƙasashe irin namu: kwalin farko ya ƙare, a koma rubuta wa dangin majinyaci su sayo, ko a riƙa wanke abin da aka ƙera don a yar, ko a kulle na'urar a kabad. Wani nazari da masana a Jami'ar Duke ta Amurka suka wallafa a 2011, kan kayan asibiti sama da 100,000 a ƙasashe 16 masu tasowa, ya gano kusan kashi 38 ba sa aiki, galibi saboda rashin horo da kayan gyara da tsarin kulawa.

Don haka cokalin ƙarfe da ake wankewa a kashe ƙwayoyin cuta a sake amfani da shi ya fi dacewa da aljihun asibitin gwamnati, ko da ya fi tsada a ranar saye, muddin an tanadi sinadarin tsaftace shi da wanda zai yi aikin bisa ƙa'ida. Na roba a ware shi ga masu cututtuka irin su zazzaɓin Lassa da tarin fuka.

Wani zai ce ana maganar kyamara a inda oksijin ma sai an yi fafutuka. Maganarsa na kan hanya. Binciken ACIOS da mujallar Lancet ta wallafa a 2025, a asibitoci 180 na ƙasashen Afirka 22, ya gano ɗaya cikin takwas na waɗanda ke kwance yana cikin mawuyacin hali, ɗaya cikin biyar daga cikinsu ya rasu cikin mako guda, kuma kusan kashi 69 a ɗakunan jinya na gama-gari suke, ba a sashen gobe-da-nisa ba. Oksijin da injin tsotse majina da na'urar auna iska a yatsa su ne gaba da komai. Gwajin PREOXI na 2024 ma ya nuna cewa cika huhu da oksijin ta hanyar takunkumi mai matsa iska kafin a fara aikin ya rage faɗuwar oksijin daga kashi 18.5 zuwa kashi 9.1, ba tare da an sauya cokali ba.

Akwai kuma abin da ko kyamara ba ta ɗauke wa kowa: tabbatar da cewa bututun hanyar iska ya shiga, bai zarce hanyar abinci ba. Wannan kuskure na kisa cikin mintuna, kuma yana samun har ƙwararru. Abin da ke kama shi shi ne kafnogiraf, na'urar da ke nuna iskar da huhu ke fitarwa a kowane numfashi. Ƙa'idar da ƙungiyoyin likitoci na ƙasashe daban-daban suka amince da ita a 2022 ta ce sai an ga wannan alama tana maimaituwa kafin a yarda bututu na inda ya dace. Asibitin da kuɗinsa ba zai sayi duka biyu ba, kafnogiraf ya kamata ya fara saya. Sai dai wannan duk ba ya soke batun cokali. Tunda za a kashe kuɗin ko ta yaya, gara a kashe shi a kan wanda zai yi aiki.

Wa zai zaɓa?

Takardar neman kwangila da ta ce “laringoskof mai kyamara, guda goma” ta bar wa mai kawo kaya zaɓin da ya shafi rai, shi kuwa abin da ya fi araha a wurin dillalinsa zai kawo, ba don mugunta ba, sai don ba a gaya masa akwai bambanci ba. Hukumar Kula da Asibitoci ta Jihar Kano, da hukumar samar da magunguna da kayan asibiti ta jihar, da shugabannin asibitocin koyarwa da masu asibitocin kuɗi na Fagge da Sabon Gari, duk suna iya toshe wannan kafa ba tare da ƙarin ko kwabo ba. Kafin a rubuta takardar, a zaunar da likitan sa barci, da ma'aikaciyar jinya ta sashen gobe-da-nisa, da injiniyan kayan asibiti. A rubuta siffar cokali da lambobinsa, har da na yara. A rubuta cewa mariƙi ɗaya zai karɓi siffofin biyu, batirinsa na caji ne, sanda na cikin kaya, kuma mai kawowa zai horar da ma'aikata ya kuma faɗi farashin cokula na shekaru masu zuwa tun yanzu. Idan asibitocin jiha suka tsaya a kan samfuri ɗaya, ma'aikacin da aka sauya wa wurin aiki daga Asibitin Murtala zuwa na Nassarawa zai tarar da abin da ya sani, kuma asibiti na iya aron cokali daga maƙwabcinsa.

Duk alƙaluman gwaje-gwajen cokali da aka kawo a sama daga Amurka da Turai suka fito. Kano na iya tara nata da littafi ɗaya a kowane sashe, a riƙa cike layi guda bayan kowane aiki: wa ya zura bututun, da wane cokali, sau nawa aka gwada, oksijin ya sauka zuwa nawa, me ya biyo baya. Sashen koyar da sa barci na Jami'ar Bayero na da waɗanda za su iya tattara waɗannan littattafai a ƙarshen shekara, su kai wa masu rubuta takardar kwangila ta gaba.